Atishawa a Bakin Teku

Iya, kakata ta wajen uba, har ta koma ga Allah ba ta ga ruwan da ya fi kogin garinmu ba. Amma duk daren da muka jingine alluna muka kewaye murhunta, tana tona mana gyaɗa daga cikin toka, sai ta kai mu bakin teku.

"Iya, wai teku baki gare shi?"

"Ƙwarai, angona. Sai dai shi ba ya gulma, ba kamar naka ba."

Tatsuniyar wani mutum ce da bakin mutane ya ishe shi. Ya yi ta tafiya har inda ƙasa ta ƙare, inda ba kowa sai baƙaƙen duwatsu da igiyar ruwa. Ya gina ɗaki. Kifi ya wadace shi, ba mai leƙa tukunyarsa, ba mai tambayar ina za shi. Iya takan ja wannan wurin a hankali, har mu ji da ma mu ne.

Wata safiya sanyi ya kama shi, ya yi atishawa, ya ce alhamdu lillahi. Ya saurara. Ruwa ya ci gaba da dukan dutse.

"Ba mai ce masa yarhamukallahu," in ji Iya. "Addu'ar da zai mayar ta maƙale masa a wuya, ba ta fita, ba ta haɗiyu." Sai ya naɗe buzunsa ya kamo hanyar gida.

Mukan kwashe da dariya. A kan atishawa!

Yau na daɗe a Guangzhou ta ƙasar Sin, ina ɗaure dilolin takalma a kasuwar Zhanxi ina turawa Kano. Idan hayaniyar kasuwa ta cika mini kai, wancan ɗakin dutse nake kwaɗayi. Abokan da muke haɗa sahun salla sun koma gida ɗaya bayan ɗaya. Ƙanena yana ta tambayar yaushe zan dawo, ni kuwa ina ce masa zaman nan ya fi mini kwanciyar hankali, ba mai shiga sabgata.

Makon jiya a jirgin ƙasa, mun cika maƙil, atishawa ta zo mini. Na ce alhamdu lillahi, kuma na saurara, kamar wanda bai san inda yake ba. Na kusa da ni ya gyara takunkumin fuskarsa, ya matsa.

Allah Ya jiƙan Iya. Ashe na daɗe a bakin tekun.

Da na sauka, addu'ar tana nan maƙale a wuyana. Na kira ƙanena, na ce ya sa a share mini ɗaki.