Daɓen Inna Kulu

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin duba-gari a Anka, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Laraba da na tsaya a ƙofar gidan wata tsohuwa riƙe da takardar hukuma, takardar ta kasa wuce da ni ko zaure. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu, ku saurara, domin wannan darasi ba ya cikin manhajar makarantar kiwon lafiya.

Lokacin ina mataimakin babban duba-gari, da unguwanni uku a hannuna. Ga wanda bai san aikin ba, ƙa'idarsa gajera ce. Ka ga abin da zai cuci jama'a, ka yi magana da baki. In ba a ji ba, ka rubuta takardar gargaɗi ta kwana bakwai. In kwanakin sun cika, sai kotu. Kafin nan na yi koyarwa a firamare, saboda haka na zo da imanin nan na malamai, cewa duk abin da aka rubuta da kyakkyawan rubutu za a yi masa biyayya.

Ɗaya daga cikin unguwannin tana da kwamiti mai ƙwazo. Shugabansa Malam Bawa, mahauci ne mai babbar murya, sai liman, da wasu dattawa, da Ige ungozoma, wadda rabin unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Su suka yashe magudanan ruwa, su suka hana a sare tsohuwar kukar bakin masallaci. Abin da ya gagare su shi ne kududdufin tsakiyar unguwa, inda kakanni suka haƙi ƙasar gini. Da damina sauro yake haifa, iyaye kuma kullum hankalinsu a tashe saboda yara.

A ranin shekarar suka ƙudura sai sun cike shi. Ana cikin neman ƙasa, wani direban tipa da ke dawowa daga daji ya ce yana da ita kyauta, ya juye musu tipa biyu a bakin ramin. Malam Bawa ya sa masa albarka, ya haɗa shi da ƙunshin kilishi.

Ran Litinin na zo zagaye na ga tulin. Ƙasa ce fara-fara, laushinta kamar garin tuwo. Duk wanda ya yi aiki lokacin da gubar dalma ta ci yara a ƙauyukanmu, aka kankare ƙasar gidaje a wurare irin su Abare, ya san wannan launi. Sauran dutsen zinari ne, bayan an niƙa an wanke. Na aro na'urar gwajin ƙasa daga asibiti, wata aba mai kamar ƙaramar bindiga, ka ɗora bakinta a ƙasa ta nuna maka lamba. Lambar da ta nuna mini sai da na goge tabarau na sake dubawa.

Na kai wa maigidana, babban duba-gari, rahoto. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Rubuta takarda, a kwashe." Aka kwashe ran Talata zuwa ramin da aka keɓe don irinta. To amma ni na koyar da lissafi. Tipa biyu aka kawo, abin da aka kwashe da ƙyar ya kai ɗaya da rabi.

Ashe mata sun riga mu. Duk macen da ta taɓa yin yaɓe ko daɓe, in ta ga ƙasa mai wannan laushi a bakin hanya, ba ta wuce ta. Da kwano, da bokiti, da tasa, rabin tipa ya shige cikin gidaje, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

Kwamiti ya zauna a ƙofar gidan Malam Bawa. Na yi bayani. Ige ta rufe ido ta lissafa gidajen da suka ɗiba, goma sha ɗaya, ba ta duba takarda ba, don ba ta da ita. Ni da rajistata ban san ko ɗaya ba. Ina cikin rubutawa sai idona ya sauka a kan dakalin da shugaba ke zaune, sabon yaɓe sumul. Na ɗora na'ura.

Na ce, "Malam Bawa, don Allah tashi."

Ya ce, "Lahiya?"

Na ce, "A kan tipa ta biyu kake zaune."

Ya miƙe kamar wanda kunama ta harba. Ba wanda ya yi dariya sai liman, shi ma cikin rawani.

Gidaje goma suka ce a zo a duba. Na goma sha ɗaya shi ne gidan Inna Kulu, gwanar daɓe ta unguwar. 'Yarta Hassi, da ke aure a Gummi, za ta zo goyon ciki nan da mako uku, wato haihuwar fari a gaban uwa kamar yadda aka saba. Tsohuwar ta kwana huɗu da maƙwabta suna bugun ɗakin da madaɓi, suna yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ta shafe saman daɓen da wannan ƙasa har yana ƙyalli. A nan jaririn zai kwanta, a nan zai koyi rarrafe.

Ran Laraba na je da takardata. Na yi sallama, ta leƙo daga zaure.

"Inna, ina wuni? Na zo kan maganar ɗakin nan."

"Ɗan takarda, wane ɗaki? Kai ka gina mani shi?"

"Ƙasar da aka yi daɓen da ita akwai guba."

"Ni da ƙasa munka san juna tun uwarka ba ta yi wayo ba. Wagga ƙasa ko ɗanɗanawa na yi, ba ta da ɗaci."

"Ai ba ta ɗaci, Inna. Doka ta ba ki kwana bakwai."

"To ka gaida doka. In ta zo da kanta, ta tuɓe takalmi."

Ta saki labulen zaure. Doka ta ba ni ikon shiga, gaskiya ne. Amma kwana bakwai, da sammaci, da ɗage zama, kafin alƙali ya ce uffan an yi suna an watse.

Na koma wajen Ige ina huci. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Malam, kai ɗaki kake gani. Ita kunya take gani. In anka shiga gidanta da diga ita kaɗai, gobe labari ya kai Gummi cewa Kulu ta shimfiɗa wa jikanta guba. Surukai su ce Hassi ta haihu can. Mi za ta ce wa duniya?"

Malam Bawa yana jin mu. Can ya ce, "Ni na karɓo ƙasar. Daga kaina za a fara."

Ran Alhamis bayan la'asar, jama'a na fitowa daga masallaci, ya tsaya a gaban dakalinsa da diga. Muka jiƙa wurin da ruwa tukuna, don ƙa'ida ce ba a tayar da ƙurar irin wannan ƙasa. Ya ɗaga muryar nan tasa ta mahauta ya ce, "Jama'a, kyauta na gani na rufe ido. Laihina ne, ba na matan unguwa ba. Gida goma sha ɗaya sunka ɗiba, nawa na sha biyu, kuma yau duk za a fasa." Ya kafta wa dakalin diga.

Kafin ya kai rabi, Ige ta fito daga gidan Inna Kulu da saƙo. Tsohuwa ta yarda, bisa sharaɗi biyu. Matan da suka yi daɓen farko su za su sake shi. Na biyu kuma, ɗan takarda shi zai tura baro.

Na tura. Da kakina, da hulata, sawu goma sha tara, Inna Kulu tana zaune a kan kujerar tsugunno tana gyara mini tafiya. "A hankali, Malam, baro ba alli ba ne." Muka kankare ɗakin zurfin taki guda, har lambar na'ura ta sauko. Kwamiti ya kawo marmara daga wani rami da na gwada da hannuna, mata suka kwana uku suna bugu. Yaran gidajen duka aka kai su gwajin jini. Biyu sai da suka sha magani na wani lokaci, suka warke, alhamdu lillahi.

Kududdufin ma an cike shi kafin ruwan farko, da dokar da kwamiti ya kafa da kansa: ba tipar da za ta juye ko kwano guda a unguwar sai duba-gari ya ɗora bindigarsa.

Rahotona layi uku ne: an gano, an kwashe, an gyara. Maigidana ya yaba da saurin aikina. Fom ɗin ba shi da gurbin rubuta sunan Ige, ko na mahaucin da ya fasa dakalinsa a gaban jama'a. Abin da na koya ke nan, kuma shi nake bar muku: na'ura za ta gaya maka inda guba take, amma sai 'yan unguwa ne za su gaya maka abin da mai gida ke tsoro, kuma ta nan ƙofa take buɗewa.

Bayan wata bakwai da haihuwa Hassi ta kawo yaron ganin gida, Inna Kulu ta aiko a kira ni da na'urata. Na tarar da shi yana rarrafe a kan daɓen, yana lasar tafin hannu. Na gwada kusurwa huɗu, na ce lafiya lau.

Ta ce, "Na sani. So nake ka gani da idonka, ɗan takarda. Wanga daɓe ya hi na farko kyau."