Rigar Teina

A ƙauyen Arorangi, tambayi kowa wa ya fi son yara, za a ce maka Mama Tutai tela. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ita Tutai ɗin ta fi kowa sani.

Ba wai ta tsani yara ba ne, labarinsu ne ba ya shiga kanta. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ba ta kuma taɓa yin tagumi a kan haka ba. Bar ta da keken ɗinkinta da rediyo, ranar Asabar ta sami ɗanyen kifi cikin madarar kwakwa, ka gama mata komai. Sai dai mai ɗinka wa mata fararen rigunan coci ba ta da wurin ɓuya. Duk wadda ta zo gwaji da labarinta take zuwa: wannan ya fara haƙori, wancan ya ƙi cin gwaza. A tsibirin da babur ke zagayewa cikin awa guda, ranar da aka ce ba ki damu da 'ya'yan mutane ba, ranar kika rufe shago.

Sai ta samo dabara. Da zarar an ciro waya za a nuna mata hoto, sai ta jera fil huɗu a leɓenta. Wa zai nemi magana wurin mai fil a baki? Ta yi gunji, ta ɗaga gira, ta dafe ƙirji, alhali a zuci awon hannun riga take yi. Mata su fita suna cewa Allah ya hana ta nata ne don ta riƙe na kowa.

Wadda ta fi shan wannan wasa ita ce Mama Poko, aminiyarta tun suna zuwa makaranta ba takalmi. Poko na da jikoki goma sha ɗaya a birnin Auckland, can ƙetare, kuma kullum da hantsi tana kan bencin shagon da sabon labari. Tutai na ƙaunarta har cikin rai, don Poko ce ta yi jinyarta wata biyu lokacin da ta karye a ƙafa. Saboda kara ta haddace sunan jika ɗaya, Teina, mai kitso biyu har gadon baya, da ta taɓa hanga a waya. Shekara bakwai tana tambayar lafiyar Teina, Poko ta washe baki ta kama zuba, ita kuwa ta koma kan awonta.

A Disamba dangin Poko suka sauka daga Auckland don bikin askin fari na ɗaya daga cikin jikoki maza, irin wanda ake barin gashin yaro ya yi ta tsawo sai ranar da dangi suka taru kowa ya yanke tufka ɗaya. Wane yaro ne, Tutai ba ta riƙe ba. Ita dai ta zauna ta ɗinka wa Teina riga ruwan hoda, da leshi hawa uku, irin wadda ko 'yar fasto sai ta yi kwaɗayi.

Ana gobe biki ta isa gidan Poko da yamma, mata cike da tsakar gida suna feren gwaza. Ta miƙa wa Poko ƙunshin ta ce na Teina ne. Poko ta rungume shi, ta ɗaga murya don kowa ya ji, ta ce gobe Mama Tutai ce za ta fara sa wa Teina almakashi, tun kafin kawunnansa, domin babu wanda ya kai ta tambayar yaron.

Yaron. Ashe Teina namiji ne. Ga shi can kan bishiyar mangwaro da gajeren wando, kitsonsa biyu na lilo. Mata suka hau tafi. Ba kunyar gari ce ta fi damun Tutai ba. Poko za ta kwance ƙunshin nan ta gane cewa shekara da shekaru da bango take hira.

Tutai ta ce ta tuna ba ta gama kalmasa ba, a ba ta ta gyara. Poko ta ce tun yaushe Tutai ta fara barin aiki rabi, ta shige ɗaki da ƙunshin. Tutai ta bi ta.

Poko ta ɗaga rigar, ta dubi leshin hawa uku, ta dubi Tutai. Sai ta zube kan gado tana dariya har da riƙe ciki.

"Poko, ki yafe mini," in ji Tutai, idonta ya kawo ruwa. "Ban taɓa saurara ba. Ko sau ɗaya."

"Ke tafi can, tsohuwar banza. Kin zaci yau na sani? Shekaran jiya na ce miki Teina ya haɗiye kwaɗo, kika dafe ƙirji kika ce mun gode Allah."

"To me ya sa kike ta zuwa?"

Poko ta share hawayen dariya. Ta ce idan ta gaya wa matar fasto jikanta ya fara tafiya, sai matar ta ce nata tun wata tara yake gudu. Idan ta gaya wa ƙanwarta yana tari, sai an rubuta mata magani bakwai da laifin uwarsa.

"Ke kaɗai ce nake ba labari in tashi da shi yadda na kawo shi. Almakashin nan ladanki ne, 'yar'uwa, kin sha wahala."

Washegari aka zaunar da Teina kan kujera da aka lulluɓe da zannuwan ado, gashinsa ɗaure da ƙyallaye sun fi ɗari. Rigar kuwa tana jikin wata ƙanwarsa, tana ta juyi a gaban mutane. Tutai ta yanke tufkar farko da hannun da ya saba, tsaf, aka ɗauki shewa.

Ranar Litinin da hantsi Poko ta zauna kan benci ta fara labarin yadda wani jikanta ya yi amai a jirgi. Tutai ta buɗe baki ta yi hamma mai tsawo, ba ta ko rufe da hannu ba. Poko ta jira ta gama, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya.