Ƙuri'ar Norbert Zielke

Norbert Zielke firij yake gyarawa, da injin sanyaya madara na manoman da ke kewaye da garinmu a jihar Wisconsin. Da wannan sana'a ya ci da iyalinsa. Amma in ka ce a nuna maka gidan Norb mai firij, sai mutum ya ɗan yi tunani. Ka ce Norb na 'yan begila, nan take za a miƙa hannu.

Tare muka yi makarantar mishan a hannun Sistoci, tare kuma muka shiga ƙungiyar badujala da begila ta cocinmu, shi da begila, ni da ƙaramar ganga. A zamanin, kafin ku busa komai a wurin gasa sai kun jeru a bayan farin layi na gefen filin ƙwallo, alƙali ya bi ku ɗaya bayan ɗaya yana duba maɓalli da ƙyallin takalmi da askin ƙeya. Daga nan ku tsaya kamar an dasa ku. Ba mai taka layi sai an kira sunan ƙungiya an harba bindiga. In ɗaya ya yi gaggawa, ko da kan takalmi ne, kowa aka rage wa maki. Wannan horo ya shiga jinin Norb fiye da kowa a cikinmu. Ko a gidansa, sai matarsa Arlene ta ce a zo a ci sannan yake jan kujera, ko da tururin abincin na dukan fuskarsa.

Da Fadan cocinmu da ya kafa ƙungiyar ya tsufa, sai riƙonta ya dawo hannun Norb, ni kuma na zama mai koyar da ganga. Kowace bazara muna cikin tsohuwar bas daga gari zuwa gari, muna kwana a daɓen ɗakunan wasanni na makarantu, Arlene tana soya mana ƙwai a bayan mota. Ba mu taɓa zama manya ba, amma ba mu taɓa jin kunya a fili ba.

Abin da ke cin ran Norb ba a fili yake ba, a ɗakin taro yake. Majalisar da ke tsara gasar yankinmu takan zauna kowane hunturu a wani otal kusa da Chicago, kuma a can ake sauya dokoki. Ƙuri'a ta ƙungiyoyin da suka kai zagayen ƙarshe a bazarar da ta wuce ce kaɗai. Sauranmu akan jera mana kujerun ƙarfe a bayan ɗaki, mu ji, mu gani, ban da magana. Daga kan kujerar nan Norb ya ga an soke duba kaya. Daga kanta ya ga an soke harba bindiga. Kowace shekara mu tuƙo cikin ƙanƙara mu dawo, yana ta faɗa da sitiyari.

Shugaban majalisar, Duane Rasmussen, sa'anmu ne, tun muna samari muke karawa da ƙungiyarsu. Shi yake riƙe da ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin. Ba ya ganin Norb a wurin shan kofi bai tsokane shi ba.

"Norb, ashe kana nan. Na ɗauka an kai ka gidan tarihi tare da begilarka."

"Ina nan, Duane. Jira nake ka mutu in busa maka a bakin kabari, kyauta."

"To ka kawo lasifika, don ba zan ji ka ba."

"Wanda ba ya ji yana raye, lasifika ba ta yi masa komai."

"Ka shigo zagayen ƙarshe tukuna, tsoho, sai mu ji bakinka."

Maganar lasifika ba wasa ba ce. Manyan ƙungiyoyi sun kawo shawara a yarda a riƙa shiga fili da na'urar ƙara sauti da kayan kiɗa na lantarki. A wurin Norb, ranar da aka yarda da wannan, an gama. Yakan ce sautin begila daga ƙirjin mutum yake fitowa, in ya kai kujerar ƙarshe ta 'yan kallo, ƙirjin ne ya kai shi. Ban da haka, ƙananan ƙungiyoyi irin tamu, da ke faci a tayar bas, ina za su iya ɗaukar motar kayan lantarki? A taron farko da aka kawo batun, gardama ta yi tsawo har aka ɗage shi zuwa baɗi. Kowa ya san masu so da masu ƙi sun zo kusan ɗaya.

A hanyar gida ranar Norb bai yi faɗa da sitiyari ba. Sai da muka wuce iyakar jiha ya ce, "Ambrose, bana za mu shiga zagayen ƙarshe. Ƙuri'a ɗaya nake nema a rayuwata."

Bazarar nan ban taɓa ganin irinta ba. Ya bar wa ƙaninsa shago. Muka yi atisaye a filin makaranta har ciyawa ta mutu a inda ƙafafu ke bi. Arlene ta ce masa, "Firij ɗin kowa a garin nan yana sanyi ban da nawa. In naman ya lalace, begila za ka ci." Ya ce zai duba ranar Lahadi. Bai faɗi wace Lahadi ba.

Muka shiga. Mu ne na can ƙasa a jerin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, amma mun shiga. Da mai sanarwa ya kira sunanmu, Norb yana tsaye ƙiƙam, hannu a gefe, hawaye na sauka cikin kwalar rigarsa, bai share ba domin ba a ba da izinin motsi ba.

Hunturu ya zo. Ya sa kwat ɗin da ya yi aure da ita, Arlene ta buɗe mata ɗinki a baya. Ya goge takalmi irin gogewar da, wadda mutum ke ganin haƙoransa a ciki.

To, majalisar tana da wata al'ada tun daga kafuwarta. Sababbin masu ƙuri'a sukan tsaya a baranda, a bakin ƙofa, har tsofaffi su gama ragowar aikin bara. Sannan shugaba ya kira sunan ƙungiya da babbar murya, kamar yadda ake yi a fili, wakilinta ya shigo, kowa ya miƙe ana tafi. Norb ya sha ganin ana yi wa wasu daga kujerarsa ta baya. Na tabbata ya sha ganin kansa a ciki.

Mu uku ne a barandar: shi, da ni da na rako shi, da wata mata mai suna Corrine Blazek, shugabar wata ƙungiya daga Iowa da ita ma ta samu shiga a shekarar. Ba ta kai shekarun 'yar Norb ba. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, ana jin muryoyi. Can sai na ji kalmar da na sani.

Na ce, "Norb, lasifika nake ji ana ambata."

Ya ce, "Jerin aikin yau suke karantawa."

Corrine ta kara kunne, ta juyo. "Ba jeri ba ne, Mista Zielke. An ɗage batun daga bara, saboda haka ragowar aikin bara ne. Yanzu za su kaɗa."

"Duane ba zai yi haka ba. Bakinsa ne ba kyau, amma ya san tsari."

"Ƙuri'armu ta tabbata tun ranar da muka kai zagayen ƙarshe. Tsayuwar nan ba ta cikin doka. Ƙofar ma ba a kulle take ba."

"'Yata, ba komai ake rubutawa ba. Ba a taka layi sai an kira."

"Wane layi? Kafet ne." Ta tura ƙofa ta shige.

Na kama hannun rigarsa. Na ce, "Don wannan ka kashe ciyawar makaranta. Mu shiga, a yi maka tafin daga baya."

Ya dubi ƙarfen da ke bakin ƙofa a ƙasa, inda kafet ɗin baranda ya ƙare na ɗaki ya fara. Kan takalminsa yana daf da shi. Na ga ƙafar ta motsa, wallahi na gani. Sai ya mayar da ita, ya haɗa dugadugai.

Ya ce, "In na kutsa yau, da wane baki zan ce su ne suka ɓata tsari?"

Muka ji ana ƙirga hannuwa. Muka ji shugaba ya buga gudumarsa a tebur. Sannan muryar Duane ta cika ɗakin da sunan ƙungiyarmu, ya ja shi yadda ya kamata, ban rage masa wannan ba. Norb ya shiga da tafiyar fareti, kowa ya miƙe, aka yi masa tafi mai kyau. Ya zauna kusa da Corrine. Ba ta dube shi ba, ta ce ƙasa-ƙasa, "An yarda da lasifika. Da ƙuri'a ɗaya." A dokarsu, in aka yi kunnen doki shawara ta faɗi.

Ko Duane da gangan ya yi, ko kuwa shi ma bin jeri ya yi kamar yadda ya saba, har yau ban sani ba. A wurin kofi ya dafa kafaɗar Norb ya ce, "Me ya hana ka shigowa, tsoho? Yarinyar nan ma ta shigo." Norb ya ajiye kofinsa ya koma ɗakin taro.

Ya kaɗa ƙuri'a a ranar, kada a ce bai kaɗa ba. Bayan hutu aka kawo batun launin rigar alƙalai, kore ko fari. Ya ɗaga hannu ga fari. Kore ya ci.

Bazarar da ta biyo muka shiga fili da ƙirjinmu kawai, a tsakanin ƙungiyoyi masu akwatunan sauti jere a gefen layi. Ba mu kai zagayen ƙarshe ba, ba mu kuma sake kaiwa ba. Da hunturu na ɗauka ba zai je taro ba, sai ga shi a ƙofar gidana da mota. A otal bai tsaya a baranda ba. Ya tura ƙofa tun ba a fara ba, ya wuce kai tsaye zuwa teburin gaba. Wata ma'aikaciyar majalisa ta duba katin da ke ƙirjinsa, ta ce cikin ladabi, "Mista Zielke, wurinku yana baya."

Ya ce, "Na sani, 'yata. So nake in ga ko ƙafar tana iyawa."

Muka koma kujerun ƙarfe muka zauna.