Jirgin Zunguru da Makullin Malam

Ni na zauna a kan jirgin. Na ɗora shi a kan kujerar Baba don kada ƙannena su taɓa, na je na sha ruwa, na dawo na baje a kansa. Ƙarar da ya yi, na tabbata har can unguwar Palladan an ji ta. Wannan kaɗai ne laifina a labarin nan. Sauran duk zalunci aka yi mini.

Muna aji uku na ƙaramar sakandare a Samaru, malamin fasaha ya ce kowa ya kawo aikin hannu, wanda ya fi kyau za a kai shi baje kolin makarantu. Yawancin 'yan ajinmu tsintsiya suke kawowa, wasu ma a kasuwa suke saye. Ni kuwa na ɗauki tsohon zungurun Mama, doguwar ƙwaryar nan da ake zura hannu a ciki in an ƙunsa lalle, na tsaga shi biyu, na liƙe samansa da siririn katako, na sa masa injin matacciyar rediyon kaset ɗinmu da farfelar gwangwani. Ya zama jirgin ruwa, har ya yi tafiya a baho. Sai ga shi na tsage masa ciki da kaina.

Mama ta ɗinke shi da basilla yadda ake gyaran ƙwarya. Ɗinkin ya riƙe, amma jirgin ya zama kamar akuyar da aka yi wa tiyata. Baba ya tura ni Chikaji a Sabon Gari, wurin wani ɗan cocinmu mai garejin fentin mota, wanda kowa ke kira Oga. Mutumin kudu ne, ya daɗe a Sabon Gari, Hausarsa tas, sai dai kowa mace ne a bakinsa.

"Yaro, ki kawo in gani," in ji shi. Ya jujjuya jirgin. "Fenti ba zai rufe wannan ba. Sai kin goge."

Ya shafe ɗinkin da fila, ƙullun nan da suke cike motar da ta lotsa, ya miƙo mini samfefa, takardar gugar nan, da bokitin ruwan sabulu. A jiƙe ake gogawa, mai kaushi tukuna, sannan mai laushi. Kullum aka tashi daga makaranta sai in hau bas zuwa Sabon Gari in tsuguna in yi ta guga, har zanen yatsuna ya ɓace. Duk lokacin da na ce na gama, sai Oga ya rufe ido, ya shafa da tafin hannu, ya ce, "Akwai tudu." Wane tudu? Ko tururuwa ba za ta yi tuntuɓe da shi ba!

Ya fesa fentin farko mai ruwan toka, sai ga ƙananan ramuka sun fito fili. Guga. Ya ba ni bindigar feshi in gwada, na matsa kusa da yawa, fentin ya zubo kamar hawaye. Guga. A ƙarshe ya fesa masa ragowar shuɗin fentin motar wani alhaji, daga nesa, sama-sama, ya bushe ya ƙara. Jirgin ya fito yana ƙyalli har ina ganin haƙorana a jikinsa. Ƙuda ya sauka a kai ya zame, a kan idona.

Ranar miƙa aiki na ajiye shi a tsakiyar tsintsiyoyi. Malam ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Kai, zo nan. A wane shago ka sayo wannan?"

"Ni na yi shi, Malam."

"Roba ce. Irinsa na nan jibge wurin 'yan gwanjo a Sabon Gari. Ni za ka raina wa hankali?"

"Zungurun mamata ne!"

Aji ya fashe da dariya, har da wanda na san a kasuwar Samaru ya sayo tsintsiyarsa.

"Malam, akwai ɗinki a ƙasansa. Ya fashe, aka ɗinke."

"Ina ɗinkin?"

Shaidata guda ɗaya ce a duniya, kuma ita na yi makonni ina gogewa. Saman kuma na liƙe shi gam, ba ya buɗuwa. Na nuna masa yatsuna. Ya ce ƙila wanke-wanke ake sa ni a gida.

Sai ya zaro makullin babur ɗinsa. Na ce, "Malam, don Allah!" Ya kafa shi a cikin jirgin ya ja. Shuɗi ya tashi, ruwan toka ya tashi, fila ta zubo kamar garin rogo. Ni kuwa kamar bayana ake karta. Can sai ga zaren Mama. Bai tsaya ba, ya ƙara ja don ya tabbatar, ya kai hanci ya shinshina.

"Lalle," ya ce. "Ashe ƙwarya ce."

Na tsaya ina jiran a ba ni haƙuri. Sai ya ce shida cikin goma.

"Shida, Malam?"

"Aikin ba laifi, amma gamawar ba ta yi kyau ba. Dubi wannan karcewar. Ba za mu kai abu mai tabo baje koli ba."

Tabon da makullinsa ya yi, makullin kuma yana hannunsa, da shuɗin fentina a bakinsa! Tsintsiyar kasuwar Samaru ta ci bakwai, wai an ɗaure ta da kyau. Ai dole, tsohuwar da ta ɗaure ta sana'arta ke nan.

Da na kai wa Oga labari, ya yi tsaki ya ce, "Ki kawo mu sake gogewa." Na ce na gode, yatsuna ba su gama warkewa ba.

Faifan wata yarinya aka kai baje kolin. Injin na cire na ba ƙanena. Jirgin yana kan tagar kicin ɗinmu da tabonsa, Mama tana ajiye ashana a ciki.