Ajiyar da Ba Ta Son Shaida

Akwai wani hantsi a Dakoro da ba zai taɓa fita raina ba, ko da yake ba wanda ya ɗaga murya a cikinsa.

Lokacin ina lise, wato lakwal ta sakandare, na zo hutu gidan kawuna, mai fataucin shanu. Ɗansa da ke aiki a ƙasar waje ya aiko masa da wata 'yar na'ura ta ajiyar kirifto, wato kuɗin intanet, tsawonta bai wuce yatsa ba. Da ita za a tsare abin da yake turowa gida da abin da Kawu ya samu a bijimansa. Tunda ni ne mai karance-karance, aka ɗora mini aikin haɗa ta. Na karanta bayaninta har na kusa haddacewa, na duba kwalin na tabbata ba a taɓa buɗe shi ba.

Da na shiga zaure sai na tarar Kawu ya kira dillalinsa, abokinsa tun ƙuruciya. A wurin Kawu, ko tunkiya ba ta canza hannu sai da shaida.

Na kunna na'urar. Ta fara nuno kalmomi ashirin da huɗu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda da su ake dawo da dukiyar in ta ɓata ko ta lalace. Na ɗauki bik ina kwafewa a takarda.

"Karanta da ƙarfi dillali ya ji," in ji Kawu. "In ka gama ka ɗaukar mishi hoto a salula."

Ni ko a aji ba na ɗaga hannu, kuma ban taɓa musa wa Kawu ba. Amma na ajiye bik na ce:

"Kawu, a gafarce ni. Kalmomin nan su ne igiyar garken. Wanda duk ya same su, ko yana Maraɗi, zai kore komai bai tako gidan nan ba."

"Wato abokina ɓarawo ne?"

Sai dillali ya yi dariya, ya jawo takalmansa.

"Alhaji, ni yaron nan ke ceto. Salulata wuni take wurin mai caji, da marece jikoki su karɓe. Ran da abu ya ɓata, ko ba ka ce komi ba, sai ka dube ni. Bari in zauna waje, in shaida ban ji ba."

Da ya fita, Kawu ya dube ni ta ƙasan ido. "To kai fa, ɗan lakwal? Kai ba mutum ba ne?"

Gaskiyarsa. Na goge kalmomin da ke cikin na'urar, na yaga takardata, muka sake daga farko. Na nuna masa inda zai danna, na juya masa baya. Da ɗan abin da ya koya a karatun manya ya zana sabbin kalmomin harafi harafi, yana ƙorafin sun fi ƙaho karkacewa. Har yau ban san ko ɗaya ba, ban kuma san inda ya ajiye su ba.

Da dillali ya dawo ya tambaya, "An gama?"

"An gama," in ji Kawu. "Ba ka ji ba, bai gani ba."

Ranar na gane kunya ba ta ba ni izinin yin shiru in dukiyar wani na kan gaɓa. Na kuma gane akwai amanar da riƙonta shi ne ka ƙi sani.