Kuwabara-san, Wa Zai Gwada Mini Bangon?

Da safiyar Talata, 14 ga Oktoba, matarka Tomie ta kira ni ta ce ka cika, Kuwabara Shigeharu, wanda muke kira Kuwabara-san don girmamawa, mai gyaran bindigogin ƙungiyarmu ta mafarauta a nan tsibirin Hokkaido. Ka tafi kana da shekara saba'in da takwas, a daidai watan da beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai kisan mutum, ke saukowa cikin gari neman abinci.

Mutane sun sha yi maka dariya don kana bin gidajen da ake rushewa kana kwasar guntayen bango: katako, kwano, bulo. Sai ka kafa su a filin gwaji ka yi ta harbi, kana duba wanda harsashi ya huda da wanda ya tare shi. Kai ka nuna mini layukan da ke murɗe a cikin bututun bindiga. Ka ce idan murɗin ya matse, dogon harsashi kan riƙe kansa ya ratsa katako a miƙe. Idan ya yi sako-sako, harsashin kan kantare ya rage ƙarfi. Da sandar goge bindiga da ɗan ƙyalle kake auna murɗin, ba ka yarda da abin da aka rubuta a kwali ba.

Ba zan manta ranar da na saita beyar a gaban wata rumfar katako ba. Ka danne mini hannu ka ce, "Kai Ogasawara, idonka na kan nama kamar kare! Me ke bayan katakon nan?" Na ji haushi ƙwarai, beyar ta tsere. Ashe wata tsohuwa na ciki tana jiƙa kabeji da gishiri.

Watan jiya ka sauya mini bututu, ka ce, "Kada ka kuskura ka harba a cikin gari sai na gwada shi da bango." Ba ka kai ga gwadawa ba. Yanzu ga wata beyar kwana uku tana zagaya bayan gidan kula da tsofaffi, kuma ni hukuma ta kira. Bangon gidan siriri ne, gadaje na jingine da shi. Wallahi tsoro nake ji. Na shiga shagonka na duba guntayen bangon da ka tara, ban san wanne ya yi daidai da wancan bangon ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Tomie-san da 'yarku Chizuru da jikoki. Allah ya ba ku haƙuri. Kai kuwa, Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.

Gobe da safe zan je. Idan beyar ta tsaya bango na bayanta, zan sauke bindigar, ko da garin nan duka zai kira ni matsoraci. Ku saka ni a addu'a, ni da tsofaffin da ke kwance a can.