Bayan Sa Ya Soke Ni

Aikina a mayankar Fatakwal shi ne kayar da shanu. Ni ke jefa igiya a ƙaho, in zarga ta a ƙafar baya, in ja har sa ya zube, sannan mai yanka ya matso da wuƙarsa. Na yi shekaru ina yi ba abin da ya taɓa samuna sai targaɗe, har wata safiya da wani farin sa ya juyo kafin in gama ɗauri. Ƙahonsa ya shige cinyata ta dama, ya ɗaga ni sama, ya maka ni da siminti. Ba zafin na fi tunawa ba, ƙarar da na ji a cikin jikina ce, kamar an yage sabon buhu.

Na daɗe a kwance a ɗakinmu na unguwar Mile 2, ruwa na dukan kwano, ƙafa na ɗoyi tana warkewa a hankali. Matata ce ta riƙe gidan da kunun zaƙin da take kaiwa bakin masallaci.

Da na fara takawa sai na koma. Tun daga ƙofa na hango igiyata a kafaɗar wani ƙato, Bagobiri sabon zuwa, wuyansa kamar turmi. Alhajin da muke yi wa aiki, wanda a garin aka haife shi kuma ya gaji fawa wurin mahaifinsa, ya dubi ƙafata kafin ya dubi fuskata.

"Sannu da jiki. Ka ga aiki ba ya jira. Ɗan taya su wankin kayan ciki tukuna, mu gani."

Na ce, "To, Alhaji, Allah ya ƙara girma." Amma na san ma'anar "mu gani". Na sha ganin waɗanda aka faɗa wa haka, ba wanda ya ga wata Sallar a wurin.

Na koma bakin kwata ina wanke tumbi da hanji. Bagobirin nan bai bar ni ba. Kullum ya zo wucewa sai ya ce, "Gurgu, kauce." Ran nan ya sa ƙafa ya shure bahona, hanjin ya watse cikin datti. Ban san lokacin da na ɗauki ƙashin ƙafar sa na gabza masa a baki ba. Ya tofar da haƙori, ya shaƙe ni, ya danna kaina cikin kwatar jini da kashin shanu har na fara shaƙa. Da ƙyar mahauta suka ɓamɓare shi. Alhaji bai tambayi wanda ya fara ba. Ni ya nuna da yatsa ya ce haƙurinsa ya kusa ƙarewa.

Matata na gasa mini wuya da ruwan zafi ta ce, "Malam, mutanen nan korar ka za su yi. Ka nemi inda za ka dafa tun kafin ranar ta zo."

Akwai wani dattijo mai tsire a bakin titinmu. Na je na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa halin da nake ciki. Ya ce in riƙa zuwa bayan la'asar. Ni da na saba da kokawa da dabba mai rai, sai ga shi yanka nama siriri ya gagare ni. In na yi kauri, Baba ya buge mini yatsu da bayan wuƙa, ya ce, "Wannan fatar takalmi wa zai ci?" Na sa wani mai walda ya raba mini ganga gida biyu ya ɗora wayar gasa tsire, na jingine ta a bayan ɗaki. Matata ta fara dakan ƙuli-ƙuli da yaji. Kowace safiya ina fita da tunanin yau ce za a sallame ni.

Sai wata rana aka sauke shanu daga tirela, a cikinsu akwai wani baƙi da doguwar tafiya ta haukata. Bagobirin ya jefa masa igiya, ya ja, igiyar ta tsinke. San ya danne shi da bango, ya zura masa ƙaho a ƙasan haƙarƙari, ya ja da baya, ya sake. Matan Ibo masu sarin nama suka watse suna ihu, mahauta suka ɗare kan tebura. Ni ba ni da ƙafar gudu, kuma ni ne a bayan dabbar. Na ɗauki adda na sare masa agara. Ya durƙushe yana nishi, mai yanka ya diro ya gama da shi.

Ni na shiga keke mai ƙafa uku da Bagobirin zuwa asibiti, na cusa rigata a ramin cikinsa ina dannawa, jini na bin hannuna zuwa gwiwa. Ya riƙe wuyan hannuna yana cewa, "Ɗan'uwa, kar ka bari in mutu a garin nan." Na ce ya yi shiru ya yi ta salati.

Washegari Alhaji ya kira ni gaban kowa, ya miƙo mini sabuwar igiya.

"Koma bakin aikinka."

Na dubi bangon, ba a ma gama wanke shi ba. Na ce, "Alhaji, a gafarce ni. Na gode da zaman da muka yi." Ya zage ni, ya ce ni butulu ne. Na wanke hannu na fito.

Bagobirin bai mutu ba. Da ya ɗan farfaɗo 'yan garinsu suka sa shi a mota zuwa gida, ban sake jin labarinsa ba.

Maraicen da na fara kafa gangata a wata kwana ta unguwar Diobu, tsire bai ma nuna ba 'yan agbero, zauna-gari-banzan da ke karɓar kuɗin wuri, suka iso, suna tambaya da Turancin buroka wa ya ba ni wurin. Ina cikin bayani ɗayansu ya ɗauke ni da mari, wani ya tankaɗe gangar, garwashi ya zubo mini a ƙafa. Da suka tafi na tsince naman daga ƙasa na wanke, na ɗaga gangar na sake hura wuta. Wani direban keke ne ya fara tsayawa, ya ce in sa masa albasa da yawa.